Me Ke Sa Mutane Karɓar Rance Ta Manhajar Waya? Dalilai Bakwai Da Abin Da Ke Bayan Kowanne

Darasinmu na yau a kan manhajojin ba da rance ne, waɗanda za ka sauke a wayarka, ka cike wasu bayanai, kafin shayinka ya huce kuɗi sun shigo asusunka. Idan kana hawa Facebook ko TikTok ko YouTube, da wuya ka yini ba ka ci karo da tallarsu ba.

Kusan kowa ya taɓa jin labarin wanda irin waɗannan manhajoji suka ɓata wa suna, amma kullum sababbin mutane ƙara sauke su suke yi. Wasu za su ce kwaɗayi ne kawai. Wannan amsa ta yi gajarta. Akwai dalilai na zahiri da ke jan mutane, kuma masu gina manhajojin sun san su ɗaya bayan ɗaya, a kansu ma suke tsara kowane shafi da kowane maɓalli. Za mu bi waɗannan dalilai, mu ga abin da ke jan mutum a kowanne, mu kuma ga abin da yake biya a madadinsa.

Daga ina abin ya faro?

A Afirka, Kenya ce ta buɗe wannan ƙofa. A 2012 kamfanin Safaricom da wani banki suka fito da M-Shwari a kan tsarin M-Pesa, inda mutum ke karɓar ƙaramin rance ta wayarsa ba tare da ya taka banki ba. A Najeriya, Paylater ta fito a 2016, ita ce yanzu ake kira Carbon. Bayanta sunaye irin su Branch da FairMoney da PalmCredit da OKash suka shahara, sannan ɗaruruwan ƙanana suka biyo baya, wasu na kirki, wasu kuma ko ofishinsu ba a sani ba.

Abin da ya share musu hanya shi ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014. Da ita kamfani zai tabbatar da ko kai wane ne ba tare da ya gan ka ido da ido ba.

Masu nazarin yadda jama'a ke karɓar sabuwar fasaha sun daɗe suna wannan bincike. A 1989 wani masani mai suna Fred Davis ya nuna cewa abubuwa biyu ne kan gaba: mutum ya ga abin zai amfane shi, kuma ya ga ba zai ba shi wahala ba. A 2003 Venkatesh da abokan aikinsa suka faɗaɗa bayanin, suka shigo da tasirin mutanen da ke kewaye da kai da kuma samun kayan aiki kamar waya da intanet. Duk wannan ya shafi manhajar rance. Sai dai rance ba kamar manhajar kallon bidiyo ba ne, don haka akwai ƙarin abubuwa: farashi, amana, mutunci da addini.

1. Matsin aljihu

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu wanda ke tashi da safe ya nemi rance don nishaɗi. Kuɗin makaranta ne, ko magani, ko haya, ko jarin da ya karye, ko albashin da ya ƙare tun tsakiyar wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kaya ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ɗan'uwan da a da za ka je wurinsa, shi ma yanzu neman inda zai ranta yake yi.

Matsalar ita ce mai buƙatar gaggawa ba ya karanta sharuɗɗa. Idanunsa na kan adadin da za a ba shi ne, ba ya kallon wanda zai mayar. Shi ya sa wannan dalili na farko yake ƙara wa sauran shidan ƙarfi.

2. Sauri da sauƙi

A banki za a nemi ka cike takardu, ka kawo bayanin asusu na watanni, wani lokaci ka kawo mai tsaya maka, sannan ka jira. A manhaja kuwa lambar waya ce, da BVN, da hoton fuska, da lambar asusu. Ko da ƙarfe biyun dare ne tana aiki.

Wannan sauƙi ba haka kawai ya zo ba. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa duk shafin da ka ƙara a wajen rajista, wasu mutane za su gaji su fita. Don haka ake rage shafuka, a ƙara girman maɓallin karɓa, a ba shi launi mai ɗaukar ido. Sharuɗɗa kuma a ajiye su a ƙasa da ƙananan haruffa, da wani ɗan akwati da za ka danna cewa ka karanta ka amince. Wasu ma sukan zaɓa maka adadi mafi yawa tun kafin ka taɓa komai, sai dai kai ka rage da hannunka.

Jiran da ake yi a banki yana da haushi, amma yana ba mutum damar ya kwana ya sake tunani. Manhaja ta cire wannan jira. Idan kana son lokacin tunani, kai za ka ba kanka.

3. Babu jingina, babu mai tsaya maka

Ga matashin da ba shi da fili ko takardar gida ko albashin gwamnati, wannan shi ne babban abin jan hankali. To amma yaya kamfani zai ba da kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba?

Amsar ita ce bayananka ne jinginar. Manhaja tana tattara abin da ta samu: irin wayar da kake riƙewa, bayanin shige da ficen asusunka, a wasu manhajojin har saƙonnin alat na banki idan ka ba su izini, da tarihin bashinka a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Irin waɗannan kamfanoni uku ne masu lasisi a Najeriya: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Daga nan kwamfuta za ta ba ka maki, makin ne zai yanke nawa za a ba ka da kuma kuɗin ruwan da za a ɗora.

Yawanci da kaɗan ake farawa. Ka biya a kan lokaci, a ɗaga maka adadin. Ka sake biya, a sake ɗagawa. Wannan tsani yana da amfani ga mai sana'ar da ke gina tarihinsa. Amma yana da wani tasiri a zuciya: saƙon "an ƙara maka adadi" yana zuwa kamar an yaba maka, sai ka ga mutum ya karɓi rancen da ba ya buƙata don kawai an buɗe masa ƙofa.

Sannan rashin jingina ba ya nufin babu abin da za a riƙe ka da shi. Manhajoji da yawa sukan sa ka haɗa katinka na ATM, su cire ɗan ƙaramin kuɗi don gwaji, daga nan suna iya cirar kuɗinsu da kansu ranar da wa'adi ya cika. Bankuna kuma suna da tsarin GSI da Babban Banki ya fara a watan Agustan 2020, wanda ke ba bankin da ya ranta maka damar cirar kuɗinsa daga sauran asusunka masu BVN ɗaya, idan ka sa hannu a kan yarjejeniyar kuma ka ƙi biya. Goge manhaja daga waya ba ya goge bashi. Sunanka zai iya shiga jerin waɗanda ba sa biya, ya hana ka samun rance mai muhimmanci nan gaba.

4. Rufin asiri

A wurinmu wannan dalili yana da nauyi ƙwarai. Zuwa wurin yayanka ko maigidanka a kasuwa ka ce a ranta maka abu ne mai nauyi a baki. Za ka yi ta kwana-kwana, a tambaye ka me za ka yi da su, wataƙila a ce babu, gobe kuma ka ji zancen a majalisa. Mace ma haka, ba kowace ce ke son kishiya ko maƙwabciya ta san halin da take ciki ba. Manhaja ba ta tambaya, ba ta kallon fuskarka, ba ta ba kowa labari. Haka dai ake zato.

A nan ne miyagun manhajoji suka fi cutar da mutane. A lokacin rajista sai su nemi izinin shiga lambobin wayarka. Da ka danna amincewa, cikin daƙiƙoƙi sun kwafe duk lambobin zuwa kwamfutarsu. Ta fuskar rubuta manhaja wannan aiki ne na layuka kaɗan, ba wani abin wahala ba. Ranar da ka makara, sai saƙo ya tafi ga surukinka da malaminka da abokan aikinka, ana kiranka ɓarawo ko ɗan damfara, wani lokaci har da hotonka. Wanda ya guji mutum ɗaya ya san sirrinsa, sai ga shi mutum ɗari uku sun sani.

Hukumomi sun ɗauki matakai a kan wannan. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar rance. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet su yi rajista da ita, kuma a 2025 ta fito da cikakkun dokoki a kan harkar. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobin waya da hotuna da bidiyon mutane. A watan Yunin wannan shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Dokar Google a cikin Play Store take aiki. Manhajar da aka turo maka ta WhatsApp ko SMS a matsayin fayil ɗin APK ba ta bi ta wannan ƙofa ba, tana iya neman duk izinin da ta ga dama. Waɗanda aka kora daga Play Store sukan dawo ta wannan hanya, wani lokaci da sabon suna.

5. Yadda ake nuna farashi

Mutane ba sa gudun tsada idan ba su gane tsada ba ce. Kamfanoni sun san ƙaramar lamba ba ta tsoratarwa, don haka suke faɗin farashi a kan kwana ko mako. Bari mu yi lissafi da misali.

A ce ka karɓi naira 20,000 na kwana 14, kuɗin ruwa kashi 15 cikin ɗari. Za ka mayar da 23,000. Naira 3,000 ba ta yi kama da wani abu ba. Amma a shekara akwai kwana 14 sau 26. Ka ninka 15 sau 26, ka samu kashi 390 cikin ɗari a shekara. Wannan shi ne ainihin farashin idan za a gwada shi da rancen banki, wanda ake faɗin nasa a kan shekara.

Misali na biyu: wata manhaja ta ce kashi 1 ne kacal a kullum, wata ta ce kashi 10 a wata. Ido zai fi son ta farko. Amma kashi 1 sau kwana 30 ya zama kashi 30, ninki uku na ta biyun.

Misali na uku: an amince maka da 20,000, amma 17,000 ne suka shigo asusunka, an ce an cire kuɗin aiki. Kai kuma 20,000 za ka mayar. Ka biya 3,000 a kan 17,000 ke nan, wato kusan kashi 18, ko da a talla an rubuta "babu kuɗin ruwa".

Inda abin ya fi muni shi ne biyan bashi da bashi. Wa'adi ya cika babu kuɗi, sai a karɓa daga manhaja ta biyu a biya ta farko. Da wancan farashi na kashi 15, naira 20,000 ta zama 23,000, sai 26,450, sai kimanin 30,400, sai kusan 35,000. Cikin mako takwas ke nan, kuma 20,000 ɗin farko ne kawai suka taɓa yi maka amfani.

Ga mai sana'a ma'aunin a bayyane yake. Idan kana sayar da data ko kana POS, kuma ribar da 20,000 za ta kawo maka a mako biyu ita ce 2,000, alhali rancen zai ci 3,000, to manhajar kake yi wa aiki har da cikon 1,000 daga aljihunka.

Wani abin lura: dokar Google ba ta yarda da manhajar da ke neman a biya dukkan rance cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba, kuma ta wajabta a rubuta farashi mafi tsada na shekara a shafin manhajar. Idan a Play Store an rubuta kwana 91, da ka shiga ciki aka ba ka kwana 7, ka riga ka san irin mutanen da kake hulɗa da su.

6. Abokai da talla

Mutum ya fi yarda da abin da abokinsa ya gwada. "Wallahi ni ma na karɓa, nan take suka turo" ya fi kowace talla ƙarfi. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa da yawansu ke ba da tukuici ga wanda ya gayyato wani da lambarsa. Ba laifi ba ne, amma ka sani cewa mai ba ka shawarar wataƙila yana da rabo a ciki. Kuma yawanci ranar karɓa ake ba da labari, ba a cika ba da labarin ranar biya ba.

Taurarin Play Store ma sai da lura. Wasu manhajoji sukan nemi ka ba su tauraro biyar tun kafin su duba buƙatarka. Idan kana son sanin gaskiya, ka tace sharhin ka karanta na masu tauraro ɗaya da biyu, musamman na kwanan nan. A nan za ka ga yadda suke mu'amala da wanda ya makara.

7. Amana

Wanda zai ba da BVN ɗinsa da hoton fuskarsa yana neman abin da zai kwantar masa da hankali. Yawancin mutane da kyawun manhaja suke auna wannan: tambari mai kyau, launi irin na banki, yawan waɗanda suka sauke. Ka ji daga bakin mai wannan aiki: kyawun fuskar manhaja shi ne abu mafi arha a gina ta. Akwai samfuran da aka riga aka zana, ana saye a canza suna da launi a kwana ɗaya.

Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne rajista. FCCPC tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince da su a shafinta na intanet, har da waɗanda ta sa wa ido da waɗanda ta cire. Wasu kuma suna da lasisin ƙaramin banki daga Babban Banki. Wannan ba ya nufin rancensu na da arha. Yana nufin akwai ofishi, akwai suna, akwai inda za ka kai ƙara.

Abin da ke hana wasu

Kamar yadda akwai masu jawowa, akwai masu hanawa. A Arewa babba a ciki shi ne riba. Mutane da yawa ba sa kusantar waɗannan manhajoji ko da suna cikin matsi, saboda Musulunci ya haramta kuɗin ruwa, kuma mafi yawan manhajojin a kansa suke tafiya. Wannan ne ya sa bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suka samu karɓuwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ita ce murabaha, inda banki zai sayi kayan da kake buƙata ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Idan wata manhaja ta ce ita ba ta karɓar ruwa sai "kuɗin hidima", ka nemi cikakken bayanin yadda take lissafi ka kai wa malamin da ya san fannin, kada sunan kawai ya ishe ka.

Na biyu harshe ne. Sharuɗɗan da Turancin lauyoyi ake rubuta su. Wasu wannan ya sa sun haƙura, wasu kuma sun danna amincewa ba tare da sun san me suka amince da shi ba. Na uku, har yanzu adashi da asusun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da bashin kaya daga dila suna aiki, kuma sau da yawa sun fi arha nesa ba kusa ba.

Kafin ka danna maɓallin karɓa

1. Ka rubuta lambobi uku a takarda: nawa zai shigo asusunka, nawa za ka mayar gaba ɗaya, da ranar biya. Ka tambayi kuma nawa ne tarar makara a kullum. Manhajar da ta ƙi nuna waɗannan kafin ka amince, ka fita.
2. Ka faɗi ainihin inda kuɗin biya zai fito. "Allah zai kawo" addu'a ce mai kyau, amma ranar wa'adi lamba ce a kalanda.
3. Ka nemi sunan kamfanin a jerin FCCPC. Sunan kamfani sau da yawa daban yake da sunan manhaja, za ka gan shi a ƙasan shafinta na Play Store.
4. Kada ka sauke manhajar rance ta hanyar da aka turo maka a WhatsApp ko SMS.
5. Ka shiga Settings, ka taɓa Apps, ka zaɓi manhajar, ka duba Permissions. Idan tana da izinin lambobin waya ko hotuna, ka cire. Amma ka sani abin da ta riga ta kwafa ya tafi, don haka hanawa tun farko ta fi.
6. Kada ka faɗa wa kowa PIN ko OTP ta kira ko ta saƙo, ko da ya ce daga kamfanin yake. Kada kuma ka biya wani kuɗi kafin a ba ka rance, wannan damfara ce.
7. Idan an fara yi maka barazana ko ana tura wa mutanenka saƙo, ka ɗauki hoton allo na komai ka kai ƙara FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC. Bashin yana kanka kuma ya kamata ka biya, amma babu dokar da ta ba su damar cin mutuncinka.

Kammalawa

Dalilan da ke jan mutane zuwa waɗannan manhajoji ba na banza ba ne. Buƙata gaskiya ce, sauri yana da amfani, son rufin asiri ba aibi ba ne. Akwai ɗan kasuwar da ya karɓa ya juya ya biya ya ci riba, akwai kuma wanda ya shiga da bashi ɗaya ya wayi gari da biyar. Bambancinsu yawanci minti goma ne na lissafi kafin a danna. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

A darasi na gaba za mu bi izinin manhajoji a Android ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ne ya dace ka bayar da wanne ne bai dace ba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana shirin karɓar rance ta waya. Mu kwana nan.